Injin Baba da Koren Haske

Rabi, jiya bayan sallar asuba na koma barci, sai na yi wani mafarki da ya hana ni sakat har yanzu. Ke zan faɗa wa, don 'yan wajen aikinmu dariya za su yi mini.

Bari in tuna miki aikina, tunda duk sanda na fara bayani hamma kike yi. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu 'yan injina da ke niƙe furotin ɗin da ya lalace, ana ce musu furotiyasom. Mu kuma muna da wani sinadari da muke ɗiga musu. Wanda ke aiki, sinadarin ya maƙale masa, ya yi haske kore. Sai dai da ya maƙale, injin ya tsaya ke nan. Kullum wannan nake yi, bai taɓa damuna ba.

Kin kuma san halin da ake ciki a gida. Baba ya fara mantuwa. Kwanaki ya zuba barkono a kan geron wata mata, wata rana kuma bel ɗin injin niƙansa ya kusa cafke masa hannun riga. Yaya Sani ya ce tunda ni ce 'yar boko, ni zan kai shi asibiti a gwada ƙwaƙwalwarsa, in ya so a karɓi makullin shagon. Shi Baba mun ce masa hawan jini za a duba.

A mafarkin ina ɗakin gwaje-gwaje da farar rigata, na sunkuya ina leƙa na'ura, sai kawai na gan ni a layin masu niƙa na kasuwar garinmu. Ƙasar ruwa-ruwa, sama kamar cikin balan-balan. Injina a jere ba iyaka. Mata na ta zuwa da kwanuka, amma ba hatsi a ciki, tsohon zare ne a cukurkuɗe. Wata murya a lasifika tana ta cewa, "A gwada kowa." Na tambaya wa ke magana, ba wanda ya tanka. Na duba hannuna, ga kwalbar sinadarin.

Na fara ɗigawa. Kowane inji ya yi kore, ya yi tsit, mai shi ya nemi benci ya zauna.

Sai kawai ga Baba a gaban nasa injin, gari ya yi masa fari fat a gira, makulli rataye a wuya. Ya dube ni ya ce, "Uwata, ke ce da kanki?" Na matsa kusa da injin. Na ɗiga. Rabi, duk layin ba injin da ya kai nasa haske. Ashe lafiyarsa lau! Murna ta kama ni, na juyo in faɗa masa, sai na ji ƙarar ta ɗauke. Ya cire makullin ya sa mini a tafin hannu, bai ko kalle ni ba. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Ƙarar waya ce ta tashe ni, hannuna a dunƙule. Yaya Sani ne, wai yaushe zai kawo mota.

Na ce zan kira shi, har yanzu ban kira ba. In na bar Baba, ina tsoron bel ɗin nan. In na kai shi, ko da likita ya ce lafiyarsa lau, ya riga ya san 'yarsa ta gwada shi. Don Allah, Rabi, me mafarkin nan yake nufi? Gargaɗi ne, ko tsorona ne kawai ya biyo ni cikin barci?