Jan Layi Ya Bi Ta Kan Kabarin Hajja

Mun tashi da asuba daga unguwar Dala a Maiduguri, ni da limamin unguwarmu da wata ma'aikaciyar tsara gari mai taswira a naɗe kamar tabarmar salla. Ita ta kawo mana maganar cewa kogin Ngadda na cin gaɓa, kuma maƙabartar ƙauyenmu, inda matata Hajja take kwance, ta faɗa cikin jan layi. Ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu, na ce sai na gani da idona.

Hanyar Konduga ramuka ce da ɗan kwalta a tsakani. A wani shingen bincike aka warware taswirar, mai binciken ya riƙe ta a juye yana gyaɗa kai. Na gane ajinmu ɗaya. Muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai, ƙosan da sai ka sa tabarau kafin ka gan shi. Hadari kuwa sai haɗuwa yake ta gabas, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Muna isa raha ta ƙare. Darbejiyar da muke sauke makara a ƙarƙashinta tana kwance cikin ruwa, saiwoyi a sama. Ma'aikaciyar ta tsaya a bakin shingen maƙabartar ta miƙo mini takardar.

"Baba, mata ba sa shiga. Kai za ka duba. Inda ja yake, nan kogin ya nufa."

Na shiga. Ƙasa ta tsage, tsagewar ta zagayo ta bayan kabarin Hajja, daidai inda jan ya bi. Ina tsaye wani ɓangaren gaɓa ya rufta, rim!

"Baba, dawo baya!"

Ban dawo ba sai da liman ya fizgo rigata. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce ya halatta a ɗauke mamatan a sauya musu makwanci. Bulama, dagacin ƙauyen, ya nuna mana tudu, taswirar ma ta ba tudun kore.

Mun shigo Maiduguri da yayyafi a bayanmu. Gobe za mu koma da maza da shebur da sabon likkafani, in ruwa ya bar mu. Abin da na koyo shi ne, jan taswira ba ado ba ne, kuma namiji na iya raka matarsa makwanci sau biyu. Da ma Hajja ba ta taɓa yarda da wurin da na fara zaɓa ba.