Tsagar Ɗakin Mma

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da buɗe shagon kayan mota a Dapaong, arewacin Togo, ba, bangon ɗakin mahaifiyata da ke zongon Sokodé ya tsage. Tsagar ta taso daga ƙasa, a kusurwar baya, ta bi a karkace har ƙarƙashin taga. Da farko siririya ce kamar zare. Duk zuwan da na yi gida sai na sayi siminti, na kwaɓa da hannuna, na liƙe ta, na bi da fenti, na ja baya ina kallon aikina ina jin kaina injiniya. Kafin na sake dawowa ta buɗe, ta fi da.

Ranar da ƙanwata ta bugo waya ta ce yanzu ana hango hasken waje daga kan gadon Mma, haka muke kiran mahaifiyarmu, nan take na rufe shago. Tsoro nake ji bangon nan ya rufta mata. Na hau motar Sokodé da shawarata a shirye: ko dai a sare mangwaron da marigayi mahaifinmu ya dasa a tsakar gida, don na gama yanke hukuncin saiwarsa ce ke ture ginin, ko kuma na rushe ɗakin na ɗauke Mma mu koma Dapaong.

Na same ta tana tsintar shinkafa a faranti. Na gaishe ta, na zayyana mata komai, har da kwatance da hannu. Ba ta ko ɗago ba.

"Kai wannan," ta ce, don ba ta kiran sunana, "mangwaron ya girme ka. Ni kuma ba kaya ba ce da za a loda a mota. In ka gama, ga koko can a kwano."

Na sha kokon cikin fushi. Ni mutum ne mai saurin hawa, 'yan gidanmu duk sun sani, shi ya sa ba wanda ya tanka mini. Na koma Dapaong ina kumbure-kumbure, na kai ƙara wajen abokina, wani magini ɗan ƙabilar Moba da muke shan shayi tare a bakin tasha. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a wajensa. Ya gama saurarona ya ce, "Kai ka ga saiwan da idonka?" Na ce ban gani ba, amma ai hankali ma ya isa. Ya yi dariya ya ce mu je ya gani.

Da muka isa, bai taɓa siminti ba. Ya nemi guntun gilashi, ya manna shi a gicciye kan tsagar, gefe da gefe. Ya ce wa Mma, "Mma, ka bar wannan a nan. In ya fashe, fondasiyo yana tafiya. In bai fashe ba, ya riga ya zauna, sai mu rufe kawai." Fondasiyo shi ne harsashin ginin, abin da ke cikin ƙasa. Ya ce a ganinsa ba za mu ji komai ba sai damina ta sauka, don ruwa ne ya fi motsa gini.

Ai kuwa gilashin bai jira damina ba. Tsakiyar rani, ƙasa ta bushe ƙamas, ƙanwata ta sake bugowa ta ce ya rabe biyu. Muka sake kamo hanya, ni ina ta cika baki a mota cewa na faɗa, mangwaro ne. Abokina ya haƙa tsakanin bishiyar da ɗakin, ya nuna mini saiwoyin duk sun karkata sun nufi rijiya, ko ɗaya bai kusanci bangon ba. Na shiga gyara hulata.

Sai muka zagaya bayan ɗakin. Wani ɗan lungu ne da aka kare da tsohon kwanon rufi, wanda tun ina yaro maza ba sa leƙawa. Abokina ya ɗauki sandar ƙarfe ya soka a gindin bangon, sai ga ta ta nutse kamar an soka ta cikin tuwo. Muna tsaye muna kallon juna, sai ga ruwa mai tururi ya malalo ta ƙarƙashin kwanon, da ganyen darbejiya a kansa, ya zo ya kwanta daidai kusurwar da ta tsage. Matar ƙanina ce ke wankan jego.

Nan komai ya faɗo mini. A lungun nan Mma ta yi wankan jegonmu gaba ɗaya. A nan ƙannena mata suke yin nasu in sun dawo wankan gida, haka matan ƙannena. Ban da su, duk matar direba ko 'yar kasuwar da aka auro daga Kambolé wadda ba ta da uwa a kusa, Mma ce ke dafa mata ruwa safe da yamma har ta yi arba'in. Gidanmu bai taɓa rabuwa da hayaƙin tukunyar jego ba, da ƙamshin kunun kanwa. Duk ruwan nan, shekara da shekaru, gindin bango ɗaya yake sauka.

Abokina ya ce abin da sauƙi, ba sai an rushe ba. Za a haƙa ƙarƙashin harsashin kaɗan-kaɗan, a cika gurbi ɗaya da kankare ya bushe kafin a buɗe na gaba, sannan a ja magudana ta kai ruwan nesa. Na yi murna, na ruga na faɗa wa Mma. Maimakon ta yi farin ciki, sai fuskarta ta canza.

"A nan za a haƙa?"

Na ce e. Ta ce, "Ka san abin da ke wurin kuwa? Cibiyoyinku ne."

Na manta shaf cewa a wurin wankan ake binne mabiyiyar jariri da cibiyarsa. Na fara ce mata ai cibiyoyin sun daɗe da zama ƙasa, sai abokina ya taka mini ƙafa. Ya durƙusa ya ce, "Mma, mu ma a ƙauyenmu ba a wasa da wannan. Ka zauna kusa, ka nuna mini. Ƙasan da na fitar ba zai bar gidan nan ba."

Haka aka yi. Aka ajiye mata kujera 'yar tsugunne a bakin lungun, ta zauna da sandarta. Duk ƙasar da aka haƙo a kwanonin wanki ake zubawa, mata su kai gindin mangwaro. Tana nunawa da sanda tana faɗi: nan kai ne, nan ƙanwarka mai tsiwa, nan ƙaninka da ya ƙi fitowa sai da aka kira ungozoma biyu. Ana ta dariya, kowa na son jin inda yake. Har aka zo can cikin kusurwa, daidai inda tsagar ta faro. Ta ɗora sandar a wurin, ta bar ta a nan.

Na ce, "Mma, nan kuma wa?"

"Yayarka," ta ce. "Ba ta kai ranar suna ba. Kabarinta ban san inda yake ba, maza ne suka kai ta. Nan kaɗai na sani."

Na girma ina jin ni ne ɗan fari. Ashe shi ya sa kan gadonta yake jingine da wannan bangon, kuma ni na zo da bakina ina cewa a rushe, ta bi ni Dapaong. Ƙasar wannan gurbin ni na ɗauka da kaina, ban bar wa kowa ba.

Aikin ya yi kyau. Aka rufe tsagar, aka sake manna gilashi, damina ta zo ta wuce bai motsa ba. Magudanar kuwa abokina ya karkata ta zuwa gindin mangwaro, ruwan ya huce a hanya kafin ya isa. Mma ta ci gaba da zama a ɗakinta, tana dafa wa masu jego ruwa, har Allah ya karɓi abinsa a kan wannan gadon.

Tun daga lokacin, in na ga tsoho ya kafe a kan abu, nakan tambaya kafin na ɗaga murya, ko da yake ba kullum nake cin nasara a kan halina ba. Ina kewar gidan nan yadda yake a da, da hayaƙinsa da hayaniyar mata. Bara 'yata ta fari ta haihu, ta je Sokodé wankan gida wajen gwaggonta. Na zauna a gindin mangwaro ina kallon ruwan yana gangarowa da ganyen darbejiya. Aka miƙo mini jaririyar, aka ce wane suna za a sa mata. Na ce a sa mata sunan da Mma ta faɗa mini ta tanadar wa yayata.