Ranar da Yaya ya buɗe tablet da hagu

Ko da zan manta abubuwa da yawa a rayuwata, ban ga ranar da zan manta da sunan da muka je Djougou ba, ranar da wayar yayana ta ƙi sanin mai ita.

Yaya mahauci ne, yana da teburin nama kusa da kasuwar Arzèkè a Parakou, kuma mutum ne mai son a ce ya waye. Da ya samu wata manhaja mai ajiye kalmomin sirri, ya kwashe duk na gidansa ya zuba a ciki, har da na asusun da 'yarsa ta fari za ta zaɓi makarantar gaba bayan ta ci jarrabawa. Manhajar da zanen yatsa ake buɗe ta. Mai shagon waya ya ba shi shawara ya yi rajistar yatsa a kowane hannu, Yaya ya ce shi ba ya taɓa abin mutunci da hagu. Bai tsaya nan ba, sai da ya mayar da maganar wa'azi. Duk wanda ya gani yana latsa waya da hagu sai ya ji tarihin tarbiyyar da aka yi mana, kuma ni ƙanwarsa na fi kowa sha.

Sai dai ni ina da ido. Na sha tsayawa a teburinsa in ga hannun dama ya yi dumu-dumu da kitse, shi kuma ya faki idon mutane ya dangwala ƙaramin yatsan hagu a tablet ɗin da yake karɓar odar masu gidajen abinci. Manhaja ɗaya ce a ciki da ta wayar. Na dai ajiye abina a zuciya.

A gidan Kawu da ke Djougou aka yi sunan. Yaya ya rantse ba mai fiɗar ragon suna sai shi, ya karɓi wuƙar aro, kafin a ce me ya yanke babban yatsan dama, wanda wayar ta sani. Aka naɗe da bandeji ana ta sannu. Bayan azahar 'yar tasa ta zo jiki a sanyaye ta ce ƙawarta ta kira, ranar ce za a rufe zaɓen makarantu, ita kuwa ba ta tabbatar da nata ba. Aikin jinya take so tun tana ƙarama, in aka rufe sai wata shekara.

Yaya ya kwance bandejin ya dangwala, waya ta ƙi. Ya goge a riga, ya hura, ya sake, ta ƙi. Daga nan ta nemi babbar kalmar sirri, wadda rabonsa da rubuta ta tun ranar da ya ƙirƙire ta. Ya gwada sunan Inna, ya gwada na unguwarmu Titirou, har sunan wani bijimi da ya taɓa saya ya gwada. Gumi ya jiƙa shaddar suna. Dattawa na zaune a tabarma suna kallo, yarinya ta koma gefe tana share hawaye.

Tablet ɗin kuwa yana cikin jakata, matar Yaya ta ba ni riƙo tun a mota. Gaskiya na ji daɗin ganin guminsa, amma hawayen yarinyar ya hana ni ja da nisa. Na fito da shi na ajiye a gabansa, a tsakiyar dattawa.

"Yaya, ko za ka gwada wannan? Na ga kamar ya san ɗaya hannun."

Ya yi mini wani kallo da har yau in na tuna sai na yi dariya. Ya dubi Kawu, ya dubi 'yarsa. Sannan a hankali ya zaro hagu daga aljihu, ya miƙa ƙaramin yatsa. Tablet ya buɗe nan take, ko gardama babu.

Kawu ya gyara zama ya ce, "To, malam mai wa'azi, yaushe kuka saba da shi haka?"

Tsakar gida ta ɗauki dariya, har mata suna leƙowa. Yarinya ko a jikinta, ta fizge tablet ta gama abin da za ta yi. Yaya bai yi mini magana ba har muka dawo Parakou, sai washegari ya aiko mini da hanta da ƙoda ba saƙon komai.

Yarinyar yanzu tana asibiti tana ɗaure wa mutane rauni. Ni kuma tun ranar na yi rajistar yatsu a hannaye biyu, kuma nakan rubuta babbar kalmata da kaina lokaci-lokaci don kada ta gudu. Babban abin da na koya kuwa shi ne, dokar da kake karyawa a ɓoye kada ka ɗora wa mutane ita a fili, domin ranar da za ka buƙaci karya ta, a gaban su Kawu za ta same ka.