Bushiya da Miyar Dage-dage

A gidanmu na Nassarawa GRA akwai kicin mai gas, amma kakarmu Inna, mahaifiyar Abba, ba ta taɓa yarda da shi ba. Can bayan gida, gindin mangwaro, ta kafa murhunta na gawayi. Da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye ta, ni da ƙannena, tana gasa mana dankali tana ba mu tatsuniya.

Lokacin ina firamare, kuma ni da tumatir ba ma shiri. In na ci dage-dage sai leɓena ya kumbura, wuyana ya feso da ƙuraje. Abba kuwa cewa yake iyayi ne. "Abin da kowa ke ci, ke ce za ki ƙi? Maza cinye."

Wata rana na cinye ina hawaye, na fito wurin Inna ina susa. Ta ɗaga haɓata ta duba da hasken garwashi. Abba na zaune a baranda kusa da mu, yana jin rediyo. Sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya."

"Ta iso mu ji ta, Inna."

Ta ce da can bushiya jikinta sumul yake kamar na jariri. Aka yi shekarar yunwa, namun daji suka rame, sai Allah ya nuna musu wata bishiya mai jajayen 'ya'ya. Kowa ya ci ya murmure, ban da 'yar bushiya. Ita da ta ci sai ƙaiƙayi. Ta ce, "Iya, suna cizona." Uwar ta ce, "Ci dai, 'yar nan, kada ki mutu." Kullum a ɗura mata, kullum ta yi ta susa, har duk inda ta sosa ƙaya ta tsiro. Ranar da uwar ta zo rungumar ta, sai ƙaya ta soke ta.

"Shi ya sa har yau," in ji Inna, "ko abinci ka miƙa wa bushiya, dunƙulewa take. Iyakarta ke nan, saura kan ɓera."

Ban san sa'ad da aka kashe rediyon ba. Washegari Abba da kansa ya kai ni asibiti, likita ya ce jikina ne ba ya karɓar tumatir. Daga ranar Umma ta riƙa yi mini miyar kuka ko kuɓewa a 'yar tukunya daban.

Na daɗe ina ɗauka Inna ta rama mini ne kawai. Sai bayan rasuwarta gwaggona ta ba ni labarin yadda suka tashi a ƙauye, yadda Abba ya sha kwana da yunwa yana yaro. Shi ne kuma ɗan fari, Inna ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya, balle ta yi masa faɗa a gaban 'ya'yansa. Nan na tuna ko sau ɗaya ba ta kira uwar bushiya muguwa ba. Ta san abin da ɗanta ke tsoro duk sa'ad da ya ga yaro ya ture kwano, don a gabanta ya koyi tsoron. Mu biyu ta tausaya wa a daren nan, ni ce dai ban kai in gane ba.