Tarkon da Muka Bari a Wadi

Maƙwabcinmu ya kawo fakara a keji, ya rataye a baranda. Da asuba ta yi kuka, sai na tsinci kaina zaune a bakin gado ina tunanin kakana.

Maharbi ne a ƙauyensu, can arewa da Maraɗi, kafin fari ya cinye dabbobinsa ya taho aikin Hajji bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka duniyarsa a unguwar Nuzla ta Jidda ba ta wuce ɗakinmu da masallacin lungu ba. Idan ka san lungunan nan, ka san yadda ruwan wanki ke kwanciya a ƙofar gida, da zafin da ke saukowa daga kwano. A nan mutumin da ya saba kwana a daji ya tsufa. Ni a Jidda aka haife ni, ban taɓa ganin tsuntsun da ya wuce tattabara da hankaka ba, amma kullum ina maƙale da shi yana ba ni labarin zabin daji. Abokina yake ce mini.

Wata shekara da sanyi aka yi ruwa sau biyu, abin da ba a saba ba. Kawuna, wanda ke tuƙa wa wani Balarabe motar ɗaukar kaya, ya ce ya ga ciyawa ta fito a duwatsun gabas. Kaka ya ce lallai a kai shi, ni ma a tafi da ni. Mahaifiyata ta hana, ta yi ta tuna masa masu binciken takardu a hanya. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce ba zai mutu ba tare da ko jika ɗaya ya san daji ba.

Muka fita wata Juma'a bayan sallar asuba. Wurin farko da na nuna kore ne shar, na ɗauka mun iso. Kaka ko sauka bai yi ba. Ya nuna mini kashin awaki da sawun karnuka, ya ce tsuntsuwar daji ba ta zama inda makiyayi ke wucewa. Wuri na biyu akwai ruwa amma fili ne fetal, babu inda za ta ɓuya wa shaho. Ya ce abu uku take nema a haɗe: abin tsattsaga, ruwa kusa, da ƙaya ko dutsen da za ta shige.

Rana ta ɗan ɗaga muka shiga wani ƙaramin wadi, wato kwari, inda yashi ya haɗu da gindin dutse. Kaka ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya kama hannuna ya ɗora a wani ɗan rami mai laushi, ya ce nan fakaru suke birgima. Ya murza kashinsu ya nuna mini danshi, alamar na safiyar nan ne. Ga sawu mai yatsu uku yana bin inuwar ƙaya zuwa wani ɗan ruwa da ke tsattsafowa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta saki haka ba. Shi ya koya mini ƙulla zaren tarko, amma ni na ɗana tarkunan da hannuna. Muka shirya kawu zai dawo da mu da la'asar.

A hanyar komawa, kafin mu shiga gari, muka tarar masu binciken takardu sun tare titi. Kawu ya miƙa iƙamarsa, nawa sunan yana cikin ta mahaifina. Kaka bai jira a tambaye shi ba, ya buɗe ƙofa ya sauka, ya gyara hularsa. Wani soja ya ce yalla, wato maza, ya nuna masa motar da ke da raga a tagogi. Na bi shi ina kuka, sai ya juyo.

“Abokina, ka ce wa kawunka ya koma ya kwance tarkon nan yau. Kada wadda ta faɗa ciki ta mutu da ƙishi.”

Ba mu koma ba. Kafilin kawu, Balaraben da yake wa tuƙi, ya ji labari ya karɓe motar, kuma babu wanda ya ƙara yarda a ambaci wadin a gidanmu. Mahaifiyata ta yi ta zarya da abinci inda ake tsare masu jiran jirgin da zai mayar da su ƙasarsu, ba a bar ta ta gan shi ba. Bai cika shekara a ƙauye ba, wasu alhazai suka kawo mana labarin rasuwarsa. Sun ce ya tarar dajin nasa duk ya zama gonaki.

Da na girma na sami mota, na nemi wurin. Kwalta ce yanzu da rumbunan ajiyar kaya, an fasa rabin dutsen. Na tsaya a gefen titi ina duba ƙasa kamar yadda ya koya mini, babu sawun komai sai na taya. Ɗana ya leƙo ta taga ya tambaye ni da Larabci me na yar. Na ce masa halas, shi ke nan, mu tafi.