Ragon Hajiya a Cikin Kwamfuta

Na daɗe ina dako a wata tashar kaya a unguwar Nima. Buhun masara, buhun gari, kwalin sabulu, babu wanda bai hau wuyana ba. Da bayana ya ƙi, likita ya ce in daina ɗaukar nauyi, kamar akwai wani aikin da ke jirana.

Bokona bai wuce firamare ba. Amma akwai wata malama a Maamobi da ke koyar da rubuta manhaja ranar Asabar, ba ta korar kowa. Na shiga ajinta da furfurata. Na sha kunya sosai kafin na haɗa abin da zai yi aiki. Yaren kwamfutar da ta koya mana mai tsauri ne, kowane abu sai ka faɗi irinsa tun farko. In ka ce lamba ce ka kawo rubutu, mai duba aikin, kompaila ake ce masa, ba zai bar ka ka wuce ba.

Na rubuta wa tasharmu 'yar manhaja. A shigar da kaya, ta fitar da jerin yadda za a loda mota. Ciyaman ɗin tasha, dattijo ne mai saurin fushi, ya ce zai gwada ni zuwa Babbar Sallah. In abin ya yi, kujera tawa ce. In ya ba shi kunya, in koma bayan mota.

Kayan tasha ba iri ɗaya ba ne, sai na yi amfani da abin da malama ke kira intafes. Shi ba ruwansa da ko kai mene ne, sharaɗi kawai yake kafawa. Nawa na sa masa suna Kaya, sharaɗinsa biyu: ka faɗi nauyinka, ka faɗi garin da za ka. Buhu ya cika sharaɗin, ya shiga. Kwali ma haka.

Matsalar tana wurin jerawa. A nan sai an san nawa za a iya ɗorawa a kan kowane kaya, intafes ɗina kuwa bai san wannan ba. Malama ta nuna mana hanya biyu. Ko ka tambaya, wannan ana ɗora wani a kansa? A ce maka e ko a'a. Ko kuwa ka yi rantsuwa cewa ana ɗorawa. Kompaila zai karɓi rantsuwarka bai ce komai ba, amma ranar da ta zama ƙarya, manhajar gaba ɗaya za ta faɗi. Ni na rantse. Rubutun ya fi gajarta, kuma me mai zaman aji za ta gaya mini a kan lodi?

Abin da na manta, a tasharmu ba a taɓa rubuta dabba ba. Mai dabba da direba su daidaita a gefe, a ɗaure ta a baya, shi ke nan. Bana Ciyaman ya ce komai sai ya shiga kwamfuta. Na ƙara Dabba, na ba ta nauyi da garin da za ta, kompaila ya karɓa.

Saura kwana uku Sallah, da hantsi, wata Hajiya mai sayar da wakye, wato shinkafa da wake, ta jawo rago. A bayan ɗakinta ta yi kiwonsa, za ta aika wa mahaifinta a zangon Kumasi. Na shigar da shi, na danna a fitar da jeri. Allon ya cika da rubutu, komai ya tsaya.

Ciyaman ya leƙo. "Dumso ne?"

"Wuta na nan, Alhaji."

"To me?"

"Ragon ne."

Hajiya ta riƙe ƙugu. "Ragona me ya yi? Ko ciyawarku bai ci ba."

Direba ya ce, "Masta, rago ya tunkuyi injin." 'Yan dako, abokaina na da, suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce in zo, gammona na nan an ajiye mini.

Ciyaman bai yi dariya ba. Ya ce motar za ta tashi bayan azahar, da jerina ko babu.

Na zauna na bi rubutun da ke allon a hankali, da yatsa. Ya nuna mini layin. Rantsuwata ce: na ce duk abin da ya shigo ana ɗora buhu a kansa, ga shi an kawo mai numfashi. Na goge ta na sa tambaya. In amsa e ce, a jera. In a'a ce, a ware, a loda shi a ƙarshe, shi kaɗai. Layi huɗu ne. Na ji haushin kaina fiye da na kowa.

Takarda ta fito kafin kiran salla. Ciyaman ya sa tabarau ya karanta daga sama har ƙasa. Rago na can ƙarshe, babu komai a kansa.

"Da ka bar shi an ɗora masa gari," in ji direba.

"Ka ɗora wa kanka," Hajiya ta ce, ta miƙa masa igiyar.

Ciyaman ya ninke takardar ya ba direba. Bai dube ni ba. Ya ce, "Gobe ka zo da wuri. Akwai mai kawo firji, da kaji kwando biyu. Kuma bayan Sallah a sa maka fanka a nan, wurin ya cika zafi."