Ranar da Matar Mai Kanti Ta Yi Azumi a Gidanmu

A shekarun nan da watan Ramadan yake faɗowa tsakiyar bazara, mu mata mukan ajiye ramuwa sai sanyi ya shigo, lokacin da yini ba shi da tsawo. Wannan shekarar ramuwa ta taru mini da yawa, don a jego na yi Ramadan ɗin. Ga goyo, ga surukata da ciwon ƙafa ya kwantar, ga girki, ga keken ɗinki da nake takawa duk sanda yaro ya yi barci. Abin da na fi tunawa da wannan lokacin sanyi shi ne gajiya. Nakan idar da sallar asuba in zauna a kan buzu, in rasa ƙarfin miƙewa in naɗe shi.

Muna unguwar Kabara a lokacin. Maigidana yana sarar atamfa da yadi a kantin wani Ba'indiye, can bayan ganuwa. Wata rana ya dawo ya ce matar mai kantin tana neman mace mai ɗinki, ba ta son namiji ya gwada ta, shi kuma ya faɗa musu na yi makaranta, ina jin Turanci.

Na ce, "Malam, da wane hannun?"

Ya ce, "Ai na riga na amsa."

Haka ta fara zuwa. Direbansu ya sauke ta a bakin lungu da hantsi, ya dawo ya ɗauke ta kafin la'asar. Siririya ce, sa'ata, da jan ɗigo a goshi. Hausarta ta cefane ce, Turancina kuma ya fara dusashewa, sai muka haɗa biyun muka yi ta lallaɓawa. Rigunan da take kawowa duk buɗa su ake yi, don tana da ciki. Sai a zuwa na uku ta gaya mini biyu sun zube kafin wannan.

Ba ta shigowa ba ta tambaye ni nawa ga wata ba. Ashe su ma da wata suke lissafin ibadarsu, sai dai nasu yakan riga namu da kwana ɗaya ko biyu. Ta ce suna azumi sau biyu kowane wata, ranar sha ɗaya yana girma da ranar sha ɗaya yana raguwa. Sunan da take kiran ranar, Ekadashi, har yau yana bakina. Ta ce a tsakiyar sanyi akwai bikin da ake dama riɗi da mazarƙwaila a rarraba, kamar kantun riɗinmu, kuma a ƙarshen sanyi akwai daren da ba a barci. A garinsu uwarta da goggonninta ne suke tuna wa juna, nan kuwa ita kaɗai take leƙen sama ta tagar bayan kanti. Addininta daban, nawa daban, ban taɓa ruɗewa a kan wannan ba. Amma tausayinta yakan kama ni.

Wata Laraba ta shigo, ta dafa cikinta ta ce, "Yau ina azumi, saboda wannan."

Na ce ni ma azumin nake. Na tashi na ɗauke kwanon ruwan da nake ajiye mata, na kwashe lemo da ayabar da Malam ya sayo dominta, na kai ɗakin surukata, wadda muke kira Inna. A wurinmu ba a barin abinci a gaban mai azumi. Ta bi faifan lemon da ido har na shige.

La'asar ta yi, ba mota. Can aka aiko cewa direba yana tashar jirgi yana jiran kaya, sai bayan magariba. Ke nan a gidanmu za ta sha ruwa. Na rufe keke, na goya yaro, na surfa wake na niƙa a dutse na soya ƙosai, na dama kunun tsamiya, na ɗora tuwon dawa. Ƙugu yana sara mini, hannuwana sun tsage saboda ruwan sanyi, amma ban yarda baƙuwa ta buɗe baki da abin kunya a gidana ba. Ita kuma tana zaune a tabarma, ta jingina da bango, tana bin sauran rana. Sau ɗaya ta miƙe, jiri ya mayar da ita.

Inna ta leƙo daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Ke, 'yar mutanen nan fa ta yi fari fat, har ta wuce yadda Allah ya yi ta."

Na ce, "Saura kaɗan, Inna."

Da aka kira salla na kurɓi ruwa, na jera mata komai a gabanta. Ta shanye ruwa kwano guda ba ta sauke ba. Sannan ta nuna kunu ta ce da me aka yi. Na ce gero. Ƙosai fa? Na ce wake da albasa. Tuwo? Dawa. Sai ta haɗa tafukanta biyu a ƙirji, hawaye suka zubo.

Da ƙyar na fahimci bayanin. A azuminsu na wannan rana hatsi ne ba a ci, da wake, da albasa, har sai rana ta fito gobe. Ruwa kuwa, da madara, da 'ya'yan itace, tun safe ba a hana ta ba. Da ta ga na kwashe su, sai ta ɗauka a gidan Musulmi ba a cin komai a gaban mai azumi, ta ji kunyar roƙo. Ni na hana ta don girmama azuminta, ita ta yi shiru don girmama nawa, mai ciki ta yini da ƙishirwa a tsakar gidana.

Na ruga ɗakin Inna neman lemon da ayabar. Ɓawo na tarar.

Ta ce, "To ni na san na mai azumi ne? Wane irin azumi ne ake shan lemo? Ku kawo mini irinsa mana, ni ma in yi."

Na koma na durƙusa gaban baƙuwata. Na ce ta ci ko kaɗan, mu a wurinmu an yi wa mai ciki rangwame. Ta girgiza kai. Ta ce wancan karon a jirgin ruwa ta karya, ta ci shinkafa, ba a yi mako ba cikin ya zube. Na san Allah ne mai bayarwa, Shi ne mai karɓa, shinkafa ba ta da laifi. Amma ban ga amfanin faɗa wa mai fama da yunwa wannan ba. Na shiga ɗakin girki na buɗe kowace tukunya. Gero, dawa, wake, daddawa. Mai nono ta wuce tun azahar. Yaro ya farka a bayana yana kuka, na tsaya riƙe da murfi, na ji ni ma kukan nake son yi.

Sai muryar Inna: "Dankali fa? Shi ma hatsi ne a garin nasu?"

Ashe ta binne guda uku a tokar kaskon da take jin ɗumi, shi ne abincin darenta tunda tuwo ya daina yi mata daɗi. Na tono ɗaya da itace, na kai wa baƙuwar a kan faifai. Ta juya shi, ta fasa, ta shinshina. Bai shiga tukunya ba, bai ga mai ba, bai ga albasa ba. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta gyaɗa.

Ta ci ukun duka, yana ƙona mata yatsu tana hurawa. Inna ta jawo jiki har bakin ƙofa tana kallonta.

"A hankali, 'yar nan, ba mai ƙwace miki. Ke kuma tashi ki yi salla, kin tsaya kin zuba mata ido kamar ke za ki haifa."

Na yi magariba a makare. Kafin isha mota ta zo, na raka ta soro, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Na dawo na tarar ƙosai ya sandare. Na ci biyu a tsaye, na kwashe kwanuka, na bar wa safiya wanke-wanke, abin da ban taɓa yi ba.

Bayan nan sau biyu ta ƙara zuwa, sannan aka mayar da ita ƙasarsu ta haihu a gaban uwarta. Da farkon damina Malam ya shigo da alewa a ƙunshe, ya ce mai kanti ne yake rabawa, an samu mace, uwa da 'ya suna lafiya. Ina tsugune ina wanki. Na ce alhamdu lillahi, na goge hannu a zane, na kai wa Inna nata.